Ɗan hakimi ko ɗan baransa, asma ko harsashi: Jayayyar da ta ƙi ƙarewa a kan Tafawa Ɓalewa

A watan Janairun 2026 aka cika shekara 60 da juyin mulkin soja na farko a Najeriya, wanda ya ci rayukan Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Arewa Sa Ahmadu Bello, da Firimiyan Yamma Samuel Ladoke Akintola, da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh, haɗe da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Birgediya Samuel Ademulegun. Tun kafin zagayowar ranar, littafin tarihin rayuwar Janar Ibrahim Babangida da aka ƙaddamar a Abuja a Fabrairun 2025 ya riga ya tayar da tsohuwar muhawara a kan waɗanda suka kitsa juyin da abin da suka nufa da shi. A cikin wannan muhawara akwai tambayoyi biyu da suka shafi mutum ɗaya, wanda kabarinsa ke cikin garin Bauchi: ɗan wane ne shi, kuma me ya yi ajalinsa?

Ga mai kallo daga nesa, waɗannan tambayoyi ne na cikin gida da ya kamata a bar wa iyali. Amma wanda ya bibiyi rubuce-rubucen da aka yi a kan marigayin zai lura cewa amsar da marubuci ya zaɓa ita ke nuna inda zai ajiye shi a tarihi, da kuma wanda zai ɗora wa alhakin jininsa. Abin da ya sa jayayyar ta daɗe kuwa shi ne an bar muhimman shaidu a bakin mutane, ba a mayar da su takarda a kan lokaci ba, har masu su suka ƙare. Wannan batu ya shafi duk wanda ke riƙe da fayil a bayan wani minista ko babban sakatare a Abuja a yau.

Mai tunani kafin ya zama mai mulki

Yawancin matasa sun san Ɓalewa ne ta hoton da ke jikin takardar naira biyar, da jami'a da filin wasa da ke ɗauke da sunansa a Bauchi. Kafin ya zama Firayim Minista a 1957, malamin makaranta ne kuma marubuci mai ra'ayi a kan yadda ya kamata a mulki jama'a.

An haife shi a 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke gundumar Lere. Ya yi makarantar lardi ta Bauchi, ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito a 1933 ya dawo koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi. Littafinsa Shaihu Umar ya fito a 1934 sakamakon gasar rubutun ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Labari ne na yaron da ya faɗa hannun masu fataucin bayi aka ƙetare Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa.

A shekarun 1940 ya zauna a Majalisar Taɗi ta Bauchi tare da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, inda ake tafka muhawara a kan mulkin Turawa da na En'e. Bayan ya dawo daga karatu a Landan a 1946 ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa. A can ne, a Agustan 1950, watan da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, ya gabatar da ƙudurin da ya nemi a binciki tsarin En'e baki ɗaya, yana sukar yadda aka tattara iko a hannun sarki shi kaɗai, talaka ba shi da ta cewa. Wannan ƙuduri na daga cikin abubuwan da suka kai ga dokokin 1952 da 1954, waɗanda suka wajabta wa sarki yin aiki tare da majalisarsa. Saboda haka idan ana jayayya a kan asalinsa, a kan tushen wannan tunani ake yin ta.

Ruwayoyi uku a kan uba ɗaya

An yi ittifaƙi a kan sunan mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, da na mahaifiyarsa, Fatima Inna. Daga nan hanya ta rabu. Wasu kundayen ilmi da shafukan intanet sun daɗe suna kwafar juna cewa mahaifin nasa hakimi ne. Wasu suka ce bawa ne da ya ɗaukaka a hidimar sarauta har ya samu muƙami. Ruwaya ta uku, wadda ta fi rinjaye a wurin masu bincike, ita ce Bageri ne da ke hidima a gidan Ajiya, hakimin Lere, wato talaka mai zama a inuwar masu sarauta.

Kowace ruwaya na sauya launin ƙudurin 1950. Idan ɗan hakimi ne, to gyara ne daga cikin gida, irin na mai son ya ceci gadonsa kafin ruwa ya ci shi. Idan ɗan bawa ne, to sai a karanta ƙudurin da ma Shaihu Umar a matsayin kukan wanda ya san zafin abin a jininsa. Idan kuwa ɗan bara ne, sai a ce ga wanda ya ga fada daga zaure, ya san kyawunta da muninta, ya nemi a gyara ta ba tare da an rushe ta ba.

Duk da daɗin da irin wannan fassara ke yi wa kunne, garin Bauchi da kansa ya nuna rauninta. Malam Sa'adu Zungur daga gidan malanta da limanci ya fito. Malam Aminu Kano daga zuriyar Genawa yake, gidan alƙalai a birnin Kano. Su biyun, 'ya'yan manyan gidaje, su suka fi zafafawa a kan sarakuna, su suka tsaya da NEPU. Ɓalewa kuwa, wanda ya fi su kusa da talaka ta fuskar haihuwa, shi ya zama mataimakin shugaban NPC, jam'iyyar da ta jingina da masarautu. Da a ce haihuwa ke tsara ra'ayin mutum, da an ga akasin haka. Sanin asalin mai tunani na taimaka wa mai nazari ya gane inda ya tsaya ya kalli duniya, amma hujjar da ya kawo a kan En'e da ma'aunin hujja za a auna ta.

Batun ƙabila ma haka yake, sai dai ya fi haɗari. Jaridun Kudu sun saba sanya shi cikin jakar Hausa-Fulani. Masu gyara musu na tunatar da su cewa daga Gerawa ya fito ta wajen uba, kuma dangantakarsa da Fulani ta wajen uwa ce. A garin da ya ɗauki sunansa kuwa, inda aka sha zubar da jini tun daga 1991 a kan mallakar gari da batun masarautar Sayawa, duk wata jimla da aka rubuta a kan ƙabilarsa tana iya zama makami a hannun wani ɓangare. Littafin da ya fi kowanne girma a kan rayuwarsa, A Right Honourable Gentleman, Trevor Clark ne ya rubuta shi, tsohon jami'in mulkin mallaka da ya yi aiki a lardin Bauchi. Ya fito a 1991, shekara 25 bayan rasuwar mutumin da ake magana a kansa. Aiki ne babba, amma abin lura ne cewa baƙo ne ya yi mana shi, kuma a lokacin da da yawa daga cikin waɗanda suka san yarintar marigayin sun riga sun kwanta dama.

Daren 15 ga Janairu

Abin da babu saɓani a kansa shi ne wannan. A daren 15 ga Janairun 1966, sojoji ƙarƙashin Manjo Emmanuel Ifeajuna sun ɗauke Firayim Minista daga gidansa a Legas. Bayan kusan kwana shida aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta, kusa da ta Okotie-Eboh. Aka kai shi Bauchi aka yi masa sutura. Rahoton da sashen binciken sirri na 'yan sanda ya haɗa a kan juyin ya ce Ifeajuna ne ya harbe shi, kuma a kan haka yawancin littattafan tarihi suka tafi.

A 2010, Dokta Matthew Mbu, wanda ya yi minista a gwamnatin Ɓalewa, daga baya ya riƙe harkokin wajen Biyafara, ya shaida wa wata jarida cewa ba harbi ne ya kashe Firayim Ministan ba, ciwon asma ne ya taso masa yana hannun sojojin. Ya danganta labarin ga mawaƙin nan Christopher Okigbo, aminin Ifeajuna. Maganar ta tayar da ƙura. Femi Fani-Kayode ya yi dogayen rubuce-rubuce yana ƙaryata ta. Cif Segun Osoba, wanda a 1966 matashin wakilin jaridar Daily Times ne kuma ya je wurin da gawar take, ya ce ya gan ta jingine da bishiya, bai kuma ga alamar harsashi a jikinta ba. Alhaji Ibrahim Babankowa, jami'in 'yan sandan da ya ce shi ya gano gawarwakin, ya bayyana cewa gawar ta riga ta fara lalacewa.

Malamanmu na da suna da hanyar tantance irin wannan. Kafin su dubi abin da aka faɗa, sai su dubi wanda ya faɗa, daga wa ya ji, ko ya riske shi, kuma ko yana da wata riba a cikin maganar. Idan aka ɗora ruwayar asma a kan wannan sikeli, ga abin da za a gani. Mbu bai halarci wurin ba. Okigbo ma bai halarta ba, kuma ya rasu a fagen daga kusa da Nsukka a 1967. Ifeajuna, wanda sarƙar ke ƙarewa a kansa, gwamnatin Ojukwu ta harbe shi a Inugu a Satumbar 1967. Ke nan lokacin da maganar ta fito fili, mutanen biyu da za a iya tambaya sun shekara 43 a ƙasa. Ko da an ɗauka kowa ya isar da abin da ya ji da gaskiya, tushen labarin shi ne wanda ake zargi da kisan, mutumin da ya fi kowa buƙatar a ce ajali ne ya zo da kansa. Kuma ba a haɗa da'awar da wata takardar likita da ke nuna tarihin ciwon ba.

Shaidar Osoba ta fi ƙarfi domin gani ya kori ji. Sai dai gawa ya gani, bai ga mutuwa ba, kuma ɗan jarida ne da ya duba daga tsaye a bakin hanya, ba likitan da ya buɗe tufafi ya bincika ba. Rahoton 'yan sandan ma ba ya rasa nasa rauni: an gina shi ne a kan tambayoyin da aka yi wa sojojin da ke tsare, kuma ba a taɓa gwada shi a gaban kotu ba. Janar Aguiyi-Ironsi bai gurfanar da masu juyin ba har aka kashe shi a Ibadan ranar 29 ga Yulin 1966. Babu shari'a, babu rantsuwa, babu lauyan da ya yi wa shaida tambayoyin ƙure, babu kuma rahoton binciken gawa da aka gabatar wa jama'a. A wannan giɓi ne ruwayoyi suka tsiro.

Duk da haka, rubutacciyar shaidar da ta fi kusa da lokacin da abin ya faru tana nuni ga harbi, ruwayar asma kuwa ta zo a makare ta hanya mai rauni. Kuma ko da an sallama mata, ba ta wanke kowa. Wanda ya ɗauke mutum da bakin bindiga cikin dare, ya hana shi iyalinsa da likitansa, ya kuma yar da gawarsa a daji, ba zai tsira da cewa numfashi ne ya sarƙe masa ba. Abin da ruwayar ke iya yi kawai shi ne rage nauyin laifin a idon masu tasowa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da daren nan ya kai ta ga juyin ramuwa na Yuli, da kashe-kashen da suka biyo baya, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Yadda wasu suka yi da nasu

Ba mu kaɗai ke da irin wannan jayayya ba. Masana sun shafe shekaru suna muhawara a kan ko Karl Marx ne mahaifin Frederick Demuth, yaron da mai aikin gidansa Helene Demuth ta haifa a Landan a 1851. Da'awar ta dogara ne sosai a kan wata wasiƙa ta 1898 da aka danganta ga Louise Freyberger, wadda ta ce Friedrich Engels ya tona asirin dab da rasuwarsa a 1895. Werner Blumenberg ne ya fito da ita a 1962, kuma kwafi ce da aka buga da keken rubutu, ba ainihin rubutun hannu ba. Masanin siyasa Terrell Carver ya yi shakkar ingancinta, yayin da wasu marubuta da dama suka karɓe ta suna ƙarfafa ta da wasu wasiƙun. Ba a daidaita ba har yau. Amma jayayyarsu a kan takarda ce da ke ajiye a taska a birnin Amsterdam, wadda mai shakka zai iya zuwa ya duba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Thomas Sankara na Burkina Faso, wanda aka kashe ranar 15 ga Oktoban 1987. Takardar shaidar mutuwarsa ta ce mutuwar Allah da Annabi ya yi. Sai a 2015 aka tono gawar, bincike ya nuna harsasai fiye da goma, kuma a Afrilun 2022 kotun soja ta yanke wa Blaise Compaoré hukuncin ɗaurin rai da rai a bayan idonsa. Babu mai hankalin da zai nemi a taɓa kabarin da ke Bauchi. Abin ɗauka a nan shi ne takarda ma tana ƙarya, amma ƙaryar da aka rubuta aka sa wa hannu tana da mai ita, ana iya kama shi da ita bayan shekara talatin. Ji-ta-ji-ta kuwa ba ta da uba.

Inda abin ya shafi masu riƙe da fayil

Tun daga 1966 ba mu sauya hali ba. Rasuwar Janar Sani Abacha ranar 8 ga Yunin 1998 har yau labarai ne iri-iri. Cif Moshood Abiola, wanda ya rasu bayan wata guda, likitocin ƙasashen waje sun binciki gawarsa suka ce ciwon zuciya ne, kuma duk da cewa wasu ba su gamsu ba, aƙalla akwai rahoton da za a yi jayayya a kansa. Ɓoye halin da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ke ciki bayan tafiyarsa Jidda a Nuwamban 2009 ya tsayar da ƙasa cik, har Majalisar Tarayya ta ƙirƙiro mafita a Fabrairun 2010, daga baya aka gyara sashe na 145 na kundin tsarin mulki aka sa wa'adin kwana 21. Rashin bayani a kan jinyar Shugaba Muhammadu Buhari a Landan a 2017 shi ya ba da ƙofar tatsuniyar nan ta cewa an musanya shi da wani mutum daga Sudan, har ta kai shi ga musanta ta da bakinsa a Disambar 2018. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, akwai hadimai da likitoci da sakatarori da suka san gaskiya dalla-dalla.

Ba ana cewa a buɗe wa duniya ɗakin kowane shugaba ba ne. Al'adarmu ta suturta mamaci tana da hikima, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ita kanta ta ware bayanan da suka shafi sirrin mutum, sai fa idan maslahar jama'a ta rinjaya. Ma'aunin shi ne: shin wannan sirri ya taɓa aikin da aka damƙa masa, ko yadda iko ya fita daga hannunsa? Abin da ke tsakanin shugaba da iyalinsa nasu ne. Lafiyar da ta hana shi aiki, ko yanayin da ya mutu a hannun waɗanda suka ƙwace mulki, wannan hakkin al'umma ne, ko da za a rufe fayil ɗin na tsawon shekaru kafin a buɗe.

Dokar ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati adana bayanan ayyukansu, ta kuma mayar da lalata su ko sauya su da gangan laifi mai hukuncin ɗauri. Muna da Taskar Adana Tarihi ta Ƙasa, wadda Farfesa Kenneth Dike ya assasa a 1954, da rassanta a Ibadan da Inugu da Kaduna, muna kuma da Gidan Arewa a Kaduna tun 1970. Fayilolin lardin Bauchi na zamanin Turawa suna Kaduna, shi ya sa mai bincike zai iya gano abin da wani Di'o ya rubuta shekara tamanin da suka wuce. Tambayar ita ce ko mai binciken 2086 zai samu makamancin haka a kan gwamnatin yau, alhali umarni da yawa ta WhatsApp ake bayar da su, wayar kuma ta tafi da mai ita ranar da aka sauke shi.

Abin da ake buƙata daga ma'aikaci ba shi da wuya. Umarnin da aka ba da da baki a mayar da shi rubutu a sa kwanan wata. Bayanan taro su nuna wanda ya halarta da abin da aka yanke. Takardun miƙa aiki su kasance cikakku. Wanda ya shaidi wani babban al'amari ya rubuta abin da ya gani a makon da ya gan shi, ya bambanta shi da abin da aka gaya masa, ya ajiye a inda ba zai ɓata ba. Malam Aminu Kano ya yi wa abokinsa irin wannan hidima da ya rubuta tarihin rayuwar Sa'adu Zungur, aka buga a Zariya a 1973, shekara 15 bayan rasuwarsa. Duk da haka har yau littattafai na saɓawa a kan ko a 1914 aka haifi Sa'adu ko a 1915. Idan wanda amininsa ya rubuta shi ya bar irin wannan giɓi, ina ga wanda aka yi shiru a kansa?

A Bauchi kuwa lokaci na ƙurewa. Wanda yake da shekara 20 ranar da aka kawo gawar Firayim Minista, yanzu yana da 80. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da jami'ar jiha da ke Gaɗau wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, da masu kula da kabarin da kayan tarihin da ke cikinsa, suna iya haɗa hannu su naɗi muryoyin waɗanda suka rage a cikin gari da ƙasar Lere, da izinin iyali, a rubuta sunan kowane mai ba da labari da wanda ya ji daga gare shi. Gwamnatin Tarayya kuma ta fito da abin da ke hannunta na 1966 a hukumance, ta miƙa shi ga Taskar Tarihi. Shekara 60 sun isa a ce babu wani tsaron ƙasa da rahoton 'yan sanda na wancan zamani zai girgiza.